An rage tumbi a ƙetare, an dawo gida ana shan magani irin na da



Akwai wata hajiya a unguwarmu, ƴar kasuwa ce, atamfa da leshi take kawowa. Ba za mu kama suna ba. Shekara da shekaru tana fama da ƙiba, gwiwa ta ƙi, ciwon sukari ya zo, hawan jini ya biyo baya. Bara ta ce za ta je Tunis duba lafiya, ta yi kwana goma sha wani abu ta dawo. Bayan wata biyu, duk wadda ta gan ta a biki sai ta riƙe baki: "Hajiya, ke ce? Mi kika sha?" Ita kuma ta yi murmushi ta ce rejim ne kawai, ta bar maiƙo da tuwon dare. Babbar ƴarta kaɗai ta san gaskiya: aikin rage tumbi aka yi mata.

Ranar wani suna, ana tsakiyar rabon goro, zufa ta karyo mata, hannu ya kama rawa, ta fara magana ba kan gado, sai ta zube. Wasu suka ce iska ne, wasu suka ce kambun baka ne tunda ta yi kyau. Har an tashi neman garwashi a yi hayaƙi. Allah ya sa cikin ƴan sunan akwai ma'aikaciyar asibiti, ta aika aka ɗauko abin awon sukari, ta huda yatsa, sai ga sukari ya faɗi ƙasa warwas. Ashe hajiya tana nan tana shan Daonil ɗinta safe da yamma, daidai yadda aka rubuta mata tun lokacin da take cinye kwanon tuwo. Yanzu kuwa cokali huɗu ke ƙosar da ita. A takardar sallama an rubuta ta dakatar da shi, amma takardar da Faransanci take, tana ƙasan akwati, ita kuma abin da ta sani shi ne mai ciwon sukari ba ya barin maganinsa.

Wannan ne ya sa muka ɗauko zancen. Ba sukar aikin muka zo yi ba. Ga wanda ƙiba ta kai shi ga ciwon sukari da hawan jini da kasa tafiya, aikin magani ne na gaske, akwai waɗanda ya raba da allurar insulin. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda aka taɓa masa tumbi, maganin da yake sha gaba ɗaya, tsoho da sabo, sai an zauna an sake duba shi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba mai dubawa in shi ya ɓoye. A ganinmu, a ƙasarmu ɓoyon nan ya fi wuƙar likita haɗari.

Bari mu fara da hanyar da ƙwayar magani ke bi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan ragon layya ana fiɗa ya san tumbi ya san hanji. Na mutum jaka ɗaya ce, tana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ka haɗiye ƙwaya, nan take faɗawa. Ruwan tsami na tumbi ya narkar da ita, tumbin ya dama ta, sannan ya riƙa sakin ta kaɗan-kaɗan cikin ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, a can ne maganin ke shiga jini. Waɗanda suka haɗa maganin da wannan hanya suka yi lissafinsu, tun daga girman ƙwaya har yawan awoyin da za a sa tsakanin sha da sha.

Aikin rage ƙiba da aka fi yi iri biyu ne. Akwai siliv, inda ake yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a fitar, a bar wani siriri mai kama da ayaba. Akwai baifas, wanda wani likitan Amurka, Edward Mason, ya fara a 1966. Shi kuma ƴar jaka ake warewa a saman tumbi, ba ta wuce ƙwan kaza ba, ko kofin shayin fada ya fi ta, a ɗinke ta kai tsaye da hanji can gaba. Abinci da magani su tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Kamar motar da ta bi ta bayan gari ba ta shiga tasha ba, kayan da ya kamata a sauke a tashar sun wuce da ita. To ruwan tsami ya ragu, lokacin narkewa ya ragu, wurin tsotsa ya ragu, ga jikin kansa yana zubar da kilo 30 ko 40 cikin shekara. Lissafin farko ya rushe kenan.

Abin da ke rikita mutane, sauyin ba gefe ɗaya yake bi ba. Da a ce duk magani raguwa ƙarfinsa ke yi, da sai a ce a ƙara. Wani raguwa yake, wani kuma ƙaruwa. Metformin, wanda kusan kowane mai ciwon sukari ya sani, an gano jiki ya fi tsotse shi bayan baifas. Masu kashe zafi masu ƙarfi dangin morfin kuma da sauri suke hawa kai, tunda ba tumbin da zai riƙe su ya saki a hankali. Mu da muka ga abin da tramol ya yi wa samarinmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan haɗarin sabo da irin waɗannan. Giya ma haka, kofi ɗaya na yin aikin biyu ko fiye, ga wanda abin ya shafa.

Ciwon sukari shi ne ya fi saurin juyawa. Bayan baifas sukarin jini na iya sauka cikin kwanaki, tun kafin a ga ramar a ido. Mai shan glibenklamid, wato Daonil da ƴan uwansa, da mai allurar insulin, in ba a rage ko an tsayar ba, abin da ya sami hajiya ne ke jiransu. Alamunsa zufa, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa. In abin awo ya nuna ƙasa da 0,70, ko 70 ga na'urar da ke lissafi da manyan lambobi, a ba shi abu mai zaƙi kaɗan nan take in yana iya haɗiya, in ba ya iyawa a ruga asibiti, kada a ɗura masa komi a baki. Mun ce kaɗan, domin wanda aka yi wa baifas in ya kwankwaɗi lemo ko shayi mai sukari da yawa, zaƙin na zubowa hanji lokaci guda, ya kawo murɗar ciki da zawo da jiri, bayan awa ɗaya zuwa uku kuma sukarin ya sake faɗuwa.

Sai hawan jini, tansiyo. Nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo, abin da likitan Tunis ko Istambul ba lalle ya tuna ba yana zaune cikin sanyin ofishinsa. Wanda aka yi wa aikin ba ya iya ɗaga moɗa ya shanye. Kurɓa-kurɓa yake, kuma an hana shi haɗa ruwa da abinci. Kafin ya cika lita ɗaya da rabi a yini sai da ƙoƙari. Ku ɗora wannan kan zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40 a inuwa, sannan ku ƙara masa Lasilix ko wani maganin tansiyo mai sa fitsari. Jiki ya bushe, jini ya sauka, ya tashi tsaye ya ga duhu, ƙoda ta fara wahala. Kuma da ramewar, tansiyon kansa na sauka ga mutane da yawa, maganin da ke daidai a watan Janairu ya zama ya yi yawa a watan Afrilu. Abin awon tansiyo na gida ba shi da tsada in aka kwatanta da kuɗin jirgi. A saya, a riƙa rubuta abin da ya nuna, a kai wa likita ya rage da kansa.

Yanzu ga inda muke son a tsaya a saurara da kyau, domin nan halinmu ya fi cin karo da wannan aiki. Mu mutane ne masu shan maganin ciwon jiki kamar gyaɗa. An wuni kasuwa, baya ya riƙe, sai a kira yaron nan mai tallan magani a tire ko a kan keke: "Ba ni na ciwon jiki na dala ashirin." Ya ɓallo ja da fari da ruwan ɗorawa ya ƙulla a leda. Ba mai tambayar suna. Galibin abin da ke cikin ledar ibuprofen ne ko diklofenak ko aspirin, wani lokaci har da deksa. Waɗannan ko ga mai cikakken tumbi suna cin bangonsa in an yawaita. Ga wanda aka yi wa baifas kuwa, akwai wurin ɗinki inda ƴar jakar ta haɗu da hanji, fatar wurin ba ta saba da tsami ba, nan gyambo ke fitowa. Yana iya zubar da jini, yana iya hujewa. Shi ya sa ake gaya wa masu baifas su rabu da wannan dangin magani har iyakar rayuwa, masu siliv ma ana ja musu kunne ƙwarai. Taba da shisha na ƙara wa wutar mai.

Kuma ku lura, wa ya fi kowa buƙatar maganin ciwon gwiwa? Wanda ya ɗauki ƙiba shekara ashirin. Gwiwar ba ta warkewa ranar da aka fito daga ɗakin aiki. Hannunsa ya saba da diklofenak, yana cikin aljihu, yana cikin mota, matarsa na da shi, abokin fada na miƙo masa don ƙauna. Abin da ya rage masa shi ne parasetamol, shi ma kada ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita, kuma a duba kwalin, domin akwai masu haɗa parasetamol da ibuprofen ko diklofenak a ƙwaya ɗaya. Wanda likitan zuciya ya ɗora kan ƙaramin aspirin kada ya bari da kansa, likitocin biyu ne za su daidaita. In kuwa aka ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko ciwo mai tsanani a ƙahon zuci, wannan ba na jira gari ya waye ba ne.

Akwai haruffa biyu da muke roƙon kowa ya koya, ko bai yi lakwal ba: LP. Za ku gan su a kwalin wasu magungunan tansiyo, na sukari, na ciwo. Wasu kuma an rubuta Retard ko Chrono. Ma'anarsu an gina ƙwayar ta riƙa sakin magani a hankali, awa 12 ko 24, tana tafiya cikin hanji. Wanda aka gajarce wa hanya, ƙwayar na iya fita ba ta gama sakin abin da ke cikinta ba, yana sha kullum amma rabin aiki take yi. Sai wani ya ce to a daka ta mana. Kul! In aka daka LP, maganin yini guda ne zai shiga jini cikin awa ɗaya, mai tansiyo na iya zubewa. Haka ƙwayoyin da aka yi wa riga don kada su narke sai sun wuce tumbi, su ma ba a daka su. Likita ne zai musanya su da irin na sakin nan take, a raba shi sau biyu ko uku a yini.

A makonnin farko dama babbar ƙwaya ba ta wucewa cikin sauƙi, akan koma na ruwa ko wanda ya halatta a daka. Nan ma da tarko. Siro da yawa sukari ne zalla. Masu tafasa a ruwa irin Efferalgan kuma iska ce da gishiri, ga tumbi sabon ɗinki. Omeprazol da ake ba su na wasu watanni don kare ɗinkin, ana iya buɗe kwanson, amma ƴan ƙwayoyin ciki ba a tauna su.

Sai masassarar cizon sauro, palu, wadda ba ta tambayar ko an yi maka aiki. Coartem da ire-irensa, da muke sha sau biyu a yini har kwana uku, ɗaya daga cikin sinadaransa biyu, lumefantrin, ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Shi ya sa ake cewa a sha bayan an ci abinci ko da madara. To ga mutum mai masassara, ba ya son abinci, tumbinsa cokali huɗu, maiƙo na tayar masa da zuciya, in baifas ne ma jikinsa ba ya tsotse maiƙon kamar da. Kashi na farko na maganin zai sauke zazzaɓin, a ce an warke, alhali mai share ragowar ƙwayoyin cutar bai shiga yadda ya kamata ba. Shawararmu, ya sha da ƴar madara ko da kurɓi uku ne, in ya amayar nan da nan ya koma asibiti, in zazzaɓi ya wuce kwana uku ko ya dawo bayan sati biyu uku a sake gwajin jini. Akwai na allura ga wanda ciki ya ƙi riƙewa. Gidan sauro kuma gare shi ya zama dole, damina da rani.

Ga wani abu da muke son ma'aikatan asibitocinmu na unguwa su ji, da girmamawa. Mun san al'adarmu, in mutum ya yi kwana biyu yana amai ya galabaita, dangi ba su yarda an yi masa komi ba sai sun ga an rataya ƙarin ruwa. Kuma sau da yawa ruwan mai sukari ne. Wanda aka rage wa tumbi in ya jera kwanaki yana amai, bitamin B1 ne ke fara ƙare masa, domin ajiyar jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku. Jiki da B1 yake ƙona sukari. In aka zuba masa ruwan sukari a jijiya ba a ba shi B1 ba, ɗan ragowar ya ƙone, ƙwaƙwalwa ta taɓu: tangaɗi, gani biyu-biyu, ruɗewa, mantuwa, wani lokaci ba ta komawa daidai. Allurar B1 ba ta da tsada, ana yin ta kafin ruwan ko tare da shi. Amma majo zai yi ta ne in ya san an yi aikin. In mara lafiya ya ce "amai ne kawai", ƴan rakiya kuma ba su sani ba, laifin wa za a gani?

Bitamin ɗin nan gaba ɗaya, mutane na ɗaukar su kamar kayan ƙwalama, a sha wata uku, in kwalin da aka zo da shi daga waje ya ƙare a bari. Ga mai baifas na har abada ne, mai siliv ma ba ya rabuwa da su haka nan. B12 sai da wani sinadari da tumbi ke fitarwa yake shiga jini. Hanta na da ajiyarsa ta shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ba ya nunawa sai an manta ma an yi aiki, shekara biyu ko uku, sannan a fara jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, jini ya ragu, a kama yawon neman magani wani wuri. Da yawa allura ake musu duk wata uku. Ƙarfen jini da kalsiyom kuwa a farkon hanji aka fi tsotse su, daidai wurin da baifas ya tsallake. Ba a haɗa su biyun lokaci ɗaya, a sa awa biyu tsakani. Shayi na hana ƙarfen shiga, to ƴan fada a raba lokacin barada da lokacin ƙwaya. Kuma su waɗannan biyun suna kama wasu magunguna a cikin hanji su hana su aiki: siprofloksasin da muke sha don taifot, doksisiklin, maganin maƙoƙo levotiroksin, da dolutegravir na masu ɗauke da ƙwayar sida. Na ƙarshen nan a gaya wa mai ba da shi, shi zai tsara awoyin.

Iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata, wannan taku ce. Ƙiba na hana wasu mata haihuwa, in suka rame sai haihuwar ta buɗe, har ga wadda ta yi shekaru ta fidda rai. Abin farin ciki ne, amma likitoci na cewa a jira wata 12 zuwa 18, domin ciki a lokacin da uwa ke zubar da kilo kowane sati, tana cin cokali huɗu, wahala ce gare ta da abin da ke cikinta. Ga shi kuma ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce bayan baifas, mai siliv ma in tana amai ko zawo haka ne. Akwai ɗan tsinken da ake sawa a damtse, akwai na cikin mahaifa, su ba ruwansu da hanji. A yi wannan magana da maigida da ungozomar asibiti tun kafin a hau jirgi. In ciki ya zo, ranar awon farko a faɗi an yi aikin.

Masu farfaɗiya, masu shan maganin damuwa ko na taɓin hankali, masu shan Sintrom don tsinka jini, ba za mu tsawaita ba: naku ɗan kuskure kaɗan ne tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa. Litiyom na iya taruwa ya zama guba in jiki ya bushe, wasu na damuwa kuma ƙarfinsu ke raguwa ciwon ya dawo a ce aikin ne bai karɓe shi ba. Likitan da ke bin ku ya sani kafin tafiya, awon jini ya ƙaru bayan dawowa.

Jiƙo da sassaƙe fa? Kofin sassaƙe guda ya fi ƙarfin ƴar jakar, kuma ba wanda ya auna abin da ke ciki, balle waɗanda ake zuba wa kanwa ko a dake ƙwayar Bature a ciki a ɓoye. Azumi kuma, likitoci galibi na hana shi a watannin farko, wasu har shekara, tunda wanda ba ya iya shan ruwa da yawa lokaci guda ba zai rama na yini tsakanin magariba da asuba ba. A tambayi likita, a tambayi malam, addini ya san mara lafiya.

Mun san wani zai rubuto a ƙasa ya ce: yara na kwance a asibiti da tamowa, ku kuna zancen masu kuɗin da suka je aka rage musu ciki. Gaskiya ne, su kaɗan ne. Amma adadin na ƙaruwa, ku duba tallan da ke yawo a Facebook da TikTok, kuɗin aiki da otal da mai tarba a filin jirgi duk a dunƙule, bin lafiya kuma "ta WhatsApp". Mu da muka taso ƙiba ado ce, har ana shan sha-ka-fashe don a cika zane, yanzu mun shiga zamanin da ake biyan miliyoyi a rage. Kuma wanda ke zuwa galibi shi ne ginshiƙin gida, baki ashirin ko talatin na ci a hannunsa. Ban da haka, rabin abin da muka faɗa ya shafi talakan da bai taɓa ganin jirgi ba: wanda gyambon ciki ya huje aka yanke masa wani sashe na tumbi, ko yaron da taifot ta huda wa hanji aka yanke ƙarshensa, inda B12 ke shiga. Su ma an sallame su, ba wanda ya ce musu hanyar magani ta sauya.

Abin da muke nema ba mai yawa ba ne. Mai niyyar tafiya ya sami likita a nan gida tun kafin ya tafi, wanda zai karɓe shi in ya dawo, ya kai masa duk kwalayen da yake sha a leda, har na gargajiya. A can kuma kada ya baro asibitin sai da takarda mai sunan aikin da aka yi, siliv ne ko baifas, da ranar, da jerin magani: wanda aka tsayar, wanda aka rage, wanda aka musanya. In Turkiyya ce ko Indiya, ya nace a rubuta da harshen da likitanmu zai karanta. Asibitin da ya karɓi miliyoyinka ya kasa ba ka wannan, ka san irin wurin da ka je. In ya dawo a sami mai karatu ya karanta masa takardar layi-layi, a ɗauki hotonta a waya. Tsohuwar ordonansi kuma, wadda ake kaiwa farmasi shekara uku ana cewa "a ba ni irin wannan", ta mutu ranar da aka yi aikin.

Ku kuma ƴan farmasi, kun fi likita ganin mutane. In wadda kuka sani da jiki ta shigo ta zama rabi, tana neman diklofenak ko Daonil ɗinta na kullum, ku ja ta gefe ku tambaya a hankali: "Hajiya, an taɓa yi miki aiki a ciki?" Ba a gaban layi ba. Mutane na ɓoyewa ne don gudun bakin duniya, kada a ce ta kasa haƙuri da halittar Allah, ko a ce kuɗi ne ya yi mata yawa. Mu masu wannan baki mu ma da namu kason a cikin abin da ke faruwa.

Hajiyar unguwarmu ta tashi, alhamdu lillahi. Likita ya tsayar da Daonil, ya rage na tansiyo, ya ɗora ta kan allurar B12. Har gobe in an tambaye ta a biki cewa take rejim ne, kuma wannan ruwanta ne, ba wanda ya isa ya tilasta mata. Amma ƴarta ta rubuta ƴar takarda an manne da leda, tana cikin jakar hannunta tare da katin ɗan ƙasa: sunan aikin, watan da aka yi, "kada a ba ta ibuprofen ko diklofenak", "in tana amai a yi B1 kafin ruwan sukari", da lambar wayar ƴar. Maigidan ma sai bayan faɗuwar nan aka zaunar da shi aka gaya masa.